Kyaftin Aji da Gwiwar Famfo

Tun kafin a gama ɗaura wa Hajiya Yakaka na'urar gwiwa a asibiti, mijinta Malam Aji ya riga ya yanke shawarar cewa shi ne zai warkar da ita, kuma in ya gama da ita zai bi tsofaffin unguwar Yalwawa ɗaya bayan ɗaya har sai an daina ganin sanda a ƙofar masallaci.

Malam Aji Babarbare ne, tsohon malamin wasanni. Ya daɗe yana koyarwa a wata sakandare can wajen Aujara kafin ya yi ritaya ya dawo Dutse da zama. Kyaftin ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. A faɗarsa, ya taɓa buga wata ƙwallo a Kano da ta yaga raga, mai tsaron gidan ya bar wasa daga ranar ya koma sayar da yadi. Ba a taɓa samun wanda ya ga wasan ba. Yana ɗan jan ƙafar hagu in yana tafiya, amma in an tambaye shi sai ya ce takun 'yan wasa ne, wanda bai yi ba ba zai gane ba.

Ita kuwa Hajiya Yakaka ciwon gwiwa ya cinye ta a hankali, har ta kai ba ta iya sujada sai a kan kujera. A sashen gashin ƙashi aka haɗa ta da wata jami'a, Malama Na'ima, wadda ta yi mata bayanin cewa guringuntsin gwiwarta ne ya sude, kuma babban abin da zai taimaka shi ne motsa jiki a gida, amma irin na tsanaki. Ta fito da wasu 'yan na'urori guda biyu, kowace kamar kwalin ashana, da maɗauransu. Ɗaya a cinya ake ɗaura ta, ɗaya a ƙwauri. Suna haɗe da wayar Hajiya, in tana miƙe ƙafa tana lanƙwasawa sai wayar ta riƙa magana da muryar mace, ta ce daidai, ko ta ce a gyara. In an gama sai ta nuna kore, ko ruwan ɗorawa, ko ja, ta kuma aika sakamakon asibiti.

Malam Aji bai bari ta kai ƙarshen bayani ba. Ya ce ai wannan duk ya san shi, tun ba a haifi wanda ya ƙera na'urar ba yake miƙar da ƙafafun mutane. Malama Na'ima ta yi murmushi ta ce, "Baba, wannan ba yawan motsi take dubawa ba, kyansa take dubawa. Kuma ta Mama ce ita kaɗai. Akwai masu jiran layi, in muka ga ba a amfani da ita yadda ya kamata, karɓewa muke yi."

Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, abin ya faɗo hannun masu shi.

Da yamma ya isa majalisarsu ta gindin darbejiya ya ba da sanarwa. Ya ce asibiti sun damƙa masa wani bincike, kuma kafin Sallah za a ga Hajiya tana hawa dutsen bayan gari da ƙafarta. Alhaji Baffa, wani Bafillace dillalin shanu da suka saba tsokanar juna, ya ce shi dai bai taɓa ganin Babarbare ya gyara ƙafa ba, sai dai ya ƙarasa ta. Malam Aji ya ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bin wutsiyar saniya ba shi da bakin magana a kan kimiyya.

Washegari da hantsi ya fito tsakar gida da tsohuwar rigar wasanni wadda ta ƙi rufe cikinsa, da usur a wuya. Ya zaunar da Hajiya a kujera, ya busa usur ya ce ta ɗaga ƙafa ta sauke da zafi-zafi, kamar mai tuƙa keke ana bin ta. Ta fara. Wayar ta ce, "A hankali."

Ya ce kada ta kula ta, ta ƙara wuta. Wayar ta ce, "A hankali. Gwiwa ta karkace."

Malam Aji ya sunkuya ya dubi wayar ya tambaye ta a wace makaranta ta yi karatu. Wayar ta nuna ja. Kafin azahar gwiwar Hajiya ta kumbura ta yi suntum, ta kwana biyu tana gasa ta da tawul. Da ta samu sauƙi ta kira shi ta gaya masa, cikin ladabi, cewa daga yau ita da wayarta za su riƙa yin abinsu a ɗaki bayan asuba, shi kuma ya riƙa yi mata addu'a daga waje.

Haka aka yi. Hajiya tana yi a hankali, wata rana ta samu ruwan ɗorawa, wata rana kore ya ɗan leƙo. Ita abin ya ishe ta farin ciki. Malam Aji ne abin bai isa ba, domin kullum ya je majalisa sai Alhaji Baffa ya miƙa hannu ya ce a nuna musu koren nan da ake ta ba su labari.

Sai ya fara jiran ta yi barcin rana. Da ta kwanta bayan azahar ya zare wayar da na'urorin ya shige zaure, ya ɗaura a ƙafarsa, da niyyar ya cika wayar da kore tsantsa ya kai wa Bafillace ya toshe masa baki. Kafin ya motsa wayar ta ce an ɗaura na'ura a juye. Ya gyara. Ya ɗaga ƙafa, ta ce ya miƙe ta sosai. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwar, ya cije leɓe ya waiga ko akwai mai kallo. Da ya gama, jan da wayar ta nuna masa ya fi na Hajiya ja. Ya yi tsaki ya ce an saita ta ne don ƙafar mata.

Amma Kyaftin ba ya karɓar kaye. Ya zauna ya yi tunani irin na masana, ya gano cewa gwiwa ba komai ba ce illa abu biyu da suka haɗu suna buɗewa suna rufewa. Ya ɗaura na'ura ɗaya a jikin ƙyauren zaure, ɗaya a dogarinsa, ya shiga buɗewa yana rufewa. Wayar ta ce ya tashi zaune, ba a yin wannan a kwance. Ya gwada murfin akwatin ƙarfe, murfin ya faɗo masa a yatsa. Yana tsotsar yatsan ne ya hango famfon tuƙa-tuƙa na bakin layi, tsaye shi kaɗai cikin rana, hannunsa a miƙe kamar ƙafar da ke jiran likita.

Ya ɗaure ɗaya a jikin famfon, ɗaya a hannunsa. Ya ɗaga a hankali, ya sauke a hankali. Wayar ta ce, "Daidai."

Malam Aji ya kusa hawaye. Ya sake ɗagawa. "Daidai." Ruwa yana ta zuba a ƙasa, shi kuwa yana ta gyaɗa kai yana cewa yanzu kika yi magana. Da ya gama fuskar wayar ta yi kore shar. Ranar a majalisa har wanda ba ya gani sosai sai da aka kai masa wayar kusa da ido. Alhaji Baffa ya jujjuya ta ya ce to, Allah mai iko, ya mayar.

Matsalar famfo ita ce ba na mutum ɗaya ba ne. Kwana kaɗan da fara wannan aiki, 'yan garuwa suka fara tarar da shi a wurin. Suna tsaye da kurarsu da jarkoki, shi kuma yana ɗaga hannun famfo kamar mai tsoron kada ya tashe shi daga barci. In wani ya ce Baba bari in taya ka, sai ya daka masa harara ya ce kada wanda ya taɓa. Layi ya yi tsawo, matan da suka aiko a ɗebo musu ruwan girki suka fara leƙowa. Da aka matsa masa da tambaya, ya ce aikin hukuma ne, lafiyar ruwan unguwa yake aunawa, kuma ba a so a yi ta yaɗawa.

Kafin magariba zancen ya gama unguwa. Wasu suka ce mita za a sa wa famfon. Wasu suka ce an gano wani abu a ruwan ana ɓoyewa. Wata tsohuwa ta rantse tun da Kyaftin ya fara ɗaura layun nan shayinta ya canza ɗanɗano. Gidaje da dama suka koma ɗebo ruwa a famfon bayan makaranta, mai nisa. Mai unguwa Ɗanmusa da kansa ya tako har zaure ya tambaya, Malam Aji ya rage murya ya ce masa sakamako yana hannun manya, in ya fito shi zai fara ji. Mai unguwa ya tafi yana jin an girmama shi.

A cikin gida kuwa Hajiya Yakaka ta fara tarar da maɗauranta da danshi, suna warin tsatsa. Ta tambaya, ya ce raɓa ce. Ta dube shi ta dubi rana.

Ana haka wata rana yana bakin famfo sai wayar ta yi ƙara a hannunsa. Malama Na'ima ce. Ta ce sakamakon da ke zuwa da rana ya ba su mamaki ƙwarai, ba su taɓa ganin irinsa ba, cinyar ko rawa ba ta yi, kuma suna so su zo gida ranar Asabar su ga yadda ake yi da idonsu. Malam Aji bai ji komai a maganar ba sai yabo. Ya ce su zo, ƙofarsa a buɗe take ga duk mai neman ilimi.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai majalisa. Ya ce asibiti za su turo tawaga ta koyi salon Kyaftin, don haka ranar Asabar zai buɗe makarantar gwiwa a filin ƙofar gidansa, duk mai sanda ya zo da ita don ya yi mata kallon ƙarshe. Ya sa aka kawo kujerun haya da rumfa, ya aro lasifikar da ake wa'azi da ita. Ya sa aka wanke rigar wasanni.

Ranar Asabar da hantsi fili ya cika. Tsofaffi suka zauna a gaba da sandunansu, mai unguwa a tsakiya, mata suka taru a bakin zaure, 'yan garuwa ma suka jingine kurarsu suna kallo. Motar asibiti ta tsaya, Malama Na'ima ta fito da wani abokin aikinta, ta ga rumfa da jama'a, ta tambaya ko rasuwa aka yi. Aka ce a'a, ita ake jira.

Malam Aji ya karɓi abin magana ya yi jawabi mai tsawo, ya bi ta kan ƙwallon Kano, ya dawo ta kan lalacewar matasan zamani, sannan ya ce yanzu Hajiya za ta fito ta nuna abin da horo yake yi. Ya aika ciki. Saƙo ya dawo cewa Hajiya ta ce ba ta fita. Ya ajiye abin magana ya shiga da kansa, ya same ta zaune ta sha lulluɓi, na'urorin a kan cinyarta.

Ta ce, "Malam, da girmana zan zauna gaban maza ina ɗaga ƙafa? Ni aikin safe nake yi. Ƙafar da take aikin rana ita za ta fita."

Ta miƙa masa na'urorin da wayar. Ya fito da su a hannu yana murmushin da bai kai ciki ba, ya ce Hajiya tana fama da kunya irin ta mata, don haka za a ɗage nunin. Alhaji Baffa ya miƙe da sandarsa ya ce ina, ba a tara mutane a rana a sallame su haka ba, ga mai salon da kansa a tsaye, ya ɗaura ya nuna. Jama'a suka ce ƙwarai. Kafin Malam Aji ya samo wata dabara, Alhaji Baffa ya durƙusa ya ɗaure masa su a kan wando, tam, yadda ake ɗaure bijimi ranar kasuwa, ya kuma ɗauki wayar ya kanga ta a bakin abin magana don kowa ya amfana.

Malam Aji ya zauna a kujera ya ɗaga ƙafa. Murya ta fito daga lasifika, har bayan layi ana ji. "Miƙe ƙafa sosai."

Ya ce gaisuwa ce take yi, haka take farawa. Ya sake ɗagawa da ƙarfi.

"A hankali. Gwiwa ta karkace."

Ya ce sabis ne ba kyau a unguwar. Malama Na'ima ta ce ai ba ta buƙatar sabis. Ya ce to rana ce ta buge ta. Ya canza ƙafa, aka sake ɗaurawa, wayar ta ce wannan ma ta karkace. Wani tsoho a layin gaba ya ce yarinyar nan ta cikin waya ba ta da kunya amma tana da gaskiya. Dariya ta fara tashi daga wajen mata.

Mai unguwa Ɗanmusa dai bai yi dariya ba. Tun ɗazu yake ƙura wa na'urorin ido. Ya ɗaga hannu ya ce a dakata, yana da tambaya. "Kyaftin, waɗannan ba su ne na auna ruwa ba?"

Malama Na'ima ta juyo ta ce wane ruwa. Nan fa kowa ya samu abin faɗa. 'Yan garuwa suka nuna famfo, suka kwatanta yadda ake ɗaurawa da yadda ake ɗagawa. Tsohuwar nan ta kawo zancen shayinta. Masu zuwa bayan makaranta ɗiban ruwa suka ce a biya su wahalarsu. Malama Na'ima ta dubi famfon, ta dubi abokin aikinta, shi kuwa ya juya baya yana danne dariya. Ta ce dama sun yi ta mamakin majinyacin da cinyarsa ba ta motsi ko kaɗan, kuma ba ya gajiya.

Malam Aji ya ga filin yana neman kuɓuce masa. Ya miƙe ya busa usur ya ce duk wannan surutu ne, ƙafa ba a waya take ba, a jiki take, yanzu zai nuna musu abin da ake kira gwiwa. Ya kama kunnuwansa ya durƙusa zai yi tsallen kwaɗo, irin wanda ya sha sa ɗalibai. Saukar ta yi kyau. Tashin ne bai samu ba. Gwiwar hagu ta yi wata ƙara da na layin baya ma suka ji, ya tsaya a tsugune riƙe da kunnuwa, idanu waje, usur a baki yana fitar da 'yar ƙara duk numfashin da ya ja.

Lasifika ta ce, "Dakata. Tuntuɓi likita."

Alhaji Baffa ya ce ga likita nan ma a tsaye, an huta da kuɗin mota.

Motar asibitin tana can bakin titi saboda rumfar da ya kafa ta tare hanya, don haka a kurar ruwa aka ɗora shi, aka sauke jarkoki aka shimfiɗa darduma. Yana tafe a kai ƙafa a sama yana ba masu turawa umarnin yadda ake ɗaukar ɗan wasa in ya ji rauni.

Kafin su tashi Malama Na'ima ta shiga wajen Hajiya da na'urorin a hannu. Hajiya ta riga ta share hawaye ta haƙura, ta ce ta san doka, a kai wa mai rabo. Malama Na'ima ta zauna kusa da ita ta ce sun ware na safe daban tun tuni, na safe na mutum ne, kuma yana kyau a hankali. Ta ce wa Hajiya ta tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba. Hajiya ta yi bismilla ta tashi. Malama Na'ima ta mayar mata da na'urorin, da sharaɗin ta riƙa kulle su a adaka tana rataya mukullin a wuya.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashin Malam Aji. Likita ya daɗe yana kallon hoton, ya kira wasu ɗalibai su ma suka kalla. Ya ce ba yau abin ya fara ba, gwiwar ta daɗe da sudewa, ta fi ta matarsa nisa, tsallen ya ƙarasa abin da ya rage ne kawai. Aka ɗaure ƙafar, aka ba shi sanda, aka rubuta sunansa a ƙarshen layin masu jiran na'ura.

Mutanen unguwa suka koma famfonsu. Mai unguwa ya yi fushi na ɗan lokaci, ya daina amsa masa sallama da kyau. Hajiya Yakaka ta ci gaba da abinta bayan asuba, har ta fara kai goshi ƙasa a sallar nafila, tana tashi da dafa bango. Kowa ya ɗauka Kyaftin zai yi wata guda bai leƙo waje ba.

Bai yi ba. Ranar da aka kwance masa bandeji ya dogara sanda ya nufi gindin darbejiya da wata babbar ambulan a hammata. Ya zauna da ƙyar, ya zaro hoton ƙashin ya ɗaga shi saitin rana, ya ce kowa ya matso. Ya nuna musu inda ƙashi ya haɗu da ƙashi, ya ce likita da bakinsa ya kira ɗalibai su zo su gani, domin duk faɗin Jigawa ta tsakiya ba a taɓa kawo gwiwar da ta lalace kamar wannan ba, kuma da wani ne ba shi ba, da tuni yana kwance.

Alhaji Baffa ya karɓi hoton ya duba a juye, ya ce ba laifi, ta lalace. Amma shi ya san wani tsoho mai sayar da albasa a kasuwar Ringim, tasa ta fi wannan lalacewa nesa ba kusa ba.

Malam Aji ya fizge hotonsa, ya mayar cikin ambulan, ransa a ɓace.

Ya ce, "A kawo shi a gwada."